Shin dabbobi suna magana da junansu?

"Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon kaji da awaki a cikin gida. Na daɗe ina lura cewa idan shirwa ta gifta, kazata kan yi wani irin kuka, nan take 'yan tsakin su watse su maƙale ƙarƙashin rumbu, amma idan mage ce ta shigo, kukan daban ne. Yarana sun tambaye ni ko magana take yi musu, na ce ai kukan kurciya ma jawabi ne, sai dai ban iya yi musu bayani ba. Mun kuma karanta labarin tururuwar da ta yi magana a zamanin Annabi Sulaimanu (AS). Shin dabbobi suna da yare irin namu? Me suke faɗa wa juna, kuma don me?" Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani a tsakar gidanki haka yake. Kukan da kaza ke yi wa shirwa daban yake da wanda take yi wa mage, 'yan tsakin kuma sun san bambancin. Tambayar taki kashi uku ce: shin wannan kuka saƙo ne, me ya sa mai shi ke wahalar da kansa wajen aika shi, sannan ko za a iya kiransa yare irin wanda ni da ke muke yi. Na farko, tabbas saƙo ne. Na biyu yana buƙatar dogon bayani. Na ukun amsarsa a'a ce, amma a'a mai sharaɗi.

Labarin tururuwar yana Suratun Namli, aya ta 18, inda ta ce wa 'yan'uwanta su shiga gidajensu kada Annabi Sulaimanu da rundunarsa su tattake su ba su sani ba. A aya ta 16 ya faɗa cewa an sanar da su maganar tsuntsaye. A Suratul An'ami kuma, aya ta 38, an ce babu wata dabba a doron ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummomi ne irinmu. Jin da Annabi Sulaimanu ya yi mu'ujiza ce, bayaninta kuma fagen malaman tafsiri ne. Ni likitan dabbobi ne, don haka zan tsaya a kan abin da ido da kunne da na'ura za su iya tabbatarwa. Abin da ya shafi dabbobin gida daga aikina na san shi, na namun daji kuwa daga rubuce-rubucen waɗanda suka zauna da su shekara da shekaru.

Masu nazarin halayyar dabbobi ba sa cewa an isar da saƙo sai abu biyu sun haɗu. Wata dabba ta fitar da kuka, ko motsi, ko wari, ko launi wanda amfaninsa shi ne a ji ko a gani, sannan wadda ta ji ta sauya abin da take yi. Sauro yana gano mutum cikin duhu ta numfashinsa da warin guminsa, amma ba wanda zai ce mutumin ya aika wa sauro goron gayyata. Wannan satar labari ce. Hanyar tantancewa kuwa mai sauƙi ce: a naɗi kukan, a jira lokacin da babu shirwa babu mage, a kunna shi, a ga abin da masu ji za su yi.

Kaji

Kaza tana da kuka iri daban-daban fiye da 20 da aka tantance. Akwai na kiran 'yan tsaki, da kyarkyarar ƙwai, da gurnanin mai kwanci idan an kai hannu akurki, da carar zakara, da kuma na gargaɗin nan biyu da kika ambata. A farkon shekarun 1990, Christopher Evans da Peter Marler sun gwada waɗannan biyun a Amurka. Sukan sa zakara a keji su nuna masa bidiyon shaho yana giftawa ta samansa, ko na wata dabbar dawa mai satar kaji tana tafe ta gefe. Na sama yana jawo kuka ɗaya mai ja. Na ƙasa yana jawo kuka mai ƙarfi da ake yayyankawa ana ta maimaitawa. Sai suka kunna wa kaji mata muryoyin a ɗakin da babu hoto babu komai. In sun ji na farko sai su lafe, su karkata kai suna duban sama, su nemi mafaka. In sun ji na biyu sai su miƙe wuya suna waige-waige. Ke nan muryar kaɗai ta ishe su sanin ta ina masifa ke tahowa.

Siffar kukan ma ba a banza take ba. Shirwa da shaho da gudu suke zuwa, maganinsu ɓuya, don haka gargaɗin sau ɗaya ne, ana yi ana yin shiru. Mage da tunku kuwa sanɗa ce makaminsu, da an gan su farauta ta lalace. Shi ya sa kaza ke tsayawa ta yi ta ihu, sauran su taya ta har unguwa ta ji. Rabin wannan saƙo na 'yan'uwanta ne, rabi kuma na magen ne: na gan ki, kada ki wahalar da kanki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne zakara ba ya yin gargaɗin shaho kai tsaye duk lokacin da ya gan shi. In shi kaɗai ne, sau da yawa sai ya lafe ya yi gum. In akwai kaza kusa, sai ya yi kukan. Wato yana la'akari da ko akwai mai sauraro. Haka ma kiran abinci. Kin sha ganin zakara ya tsinci ƙwayar dawa, ya ɗaga ya yar, ya ɗaga ya yar, yana wani ɗan kuka a jere har kaza ta sheƙo ta cinye. An lura cewa wani lokacin yakan yi wannan kira a kan tsinke ko tsakuwa, musamman in kazar ta yi nisa, don kawai ta matso. Zakara ma ya iya yaudarar zance.

Hirar uwa da 'ya'yanta tun cikin ƙwai take farawa. Kwana ɗaya ko biyu kafin cikar kwana 21 na ƙyanƙyasa, ɗan tsako yana fara tsiwa a cikin ɓawo, uwar tana amsa masa. Ni kaina idan aka kira ni gidan kaji, nakan tsaya a bakin ƙofa in saurara kafin in shiga. 'Yan tsakin da suka ƙoshi kuma ɗumi ya ishe su ƙasa-ƙasa suke tsiwa. Waɗanda sanyi ko ƙishirwa ke damu kuwa kuka suke yi mai kaifi ba ƙaƙƙautawa, suna kiran uwar da babu ita. Yaranki za su iya naɗar kukan shirwa a waya su kunna wa 'yan tsakin su gani da idonsu, amma sau ɗaya ko biyu ya isa. In aka yawaita ba tare da shirwa ta bayyana ba, sai su saba su daina gudu, kuma ranar da ta zo da gaske ke za a yi wa asara.

Hirar da ba ta shiga kunne

Mu 'yan'adam baki da kunne muka dogara da su, shi ya sa in an ce magana sai mu tuna murya. Amma in aka haɗa har da ƙwari, mafi yawan saƙonnin dabbobi ta hanci suke bi. Warin bunsurun da ke damun kowa a gida talla ce. Yana fitowa daga wasu ƙulluttai da ke gindin ƙahonsa, yana kuma ƙara shi da fitsarin da yake fesa wa gemunsa da ƙafafunsa na gaba. Wannan wari yana taɓa jikin akuya kai tsaye. In aka raba awaki da bunsuru na tsawon makonni sannan aka dawo da shi, da yawansu kan nemi barbara cikin 'yan kwanaki, masu kiwon zamani kuma suna amfani da wannan dabara don haihuwa ta zo kusa da juna. Ita ma akuyar tana aika nata saƙon. Idan bunsuru ya sansana fitsarinta ya ɗaga kai ya yage leɓen sama, yara su ce dariya yake yi, tura warin yake zuwa wata 'yar gaɓa da ke saman dasashinsa, wadda ke gaya masa ko lokacinta ya yi.

Tunkiya da akuya da hanci suke fara sanin ɗansu. A sa'o'in farko bayan haihuwa uwa tana lashe shi, tana haddace warinsa, daga nan duk wani ɗan da ya nufo hantsarta zai sha tunkuyi. Wannan ne ya sa idan na karɓi haihuwa mai wuya nake hana a wanke jaririn ko a ɗauke shi a kai ɗaki don tausayi. A goge masa hanci da baki ya yi numfashi, a ajiye shi gaban uwar. In kuma ana son wata uwa ta karɓi maraya, sai a shafe shi da ruwan haihuwarta tun bai bushe ba. Murya tana biyo baya ne bayan kwanaki, amma in ta zauna tana daɗewa: wani bincike a Birtaniya a 2012 ya nuna akuya tana gane kukan ɗanta wata 7 zuwa 13 bayan an yaye shi. Shanunmu masu tozo ma ba sa sakin nono sosai sai sun ga maraƙi sun ji warinsa, shi ya sa a ruga ake barinsa ya fara tsotsa kafin a tatsa. Idan maraƙi ya mutu, makiyaya a sassa da dama na Afirka kan ajiye fatarsa su riƙa kawo wa uwar lokacin tatsa.

Layin kiyashi da ke zuwa gwangwanin sukari ma rubutu ne da wari. Wadda ta samo abinci tana komawa gida tana ɗiga wani sinadari a ƙasa, masu bi su ƙara nasu, hanya ta yi ƙarfi. Da sukarin ya ƙare, masu komawa hannu rabbana ba sa ɗigawa, warin ya bi iska, layin ya mutu da kansa. Ki goga yatsa a tsakiyar layin ki ga yadda za su rikice a daidai wurin. Irin waɗannan sinadarai su ake kira feromon. Na farko da aka gano, Bajamushe Adolf Butenandt ne ya tace shi a 1959 daga jikin matan malam-buɗe-littafin tsutsar siliki kusan 500,000. Yau ana haɗa irinsa a masana'anta. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ana kafa tarkuna masu warin macen a gonaki, mazan su taho su faɗa, malaman gona su san yawan ƙwarin da ke yankin tun ɓarna ba ta yi nisa ba.

Ƙudan zuma idan ya harbi mutum yana barin wani wari mai kama da na ayaba a wurin, wanda ke kiran sauran su zo su harbi nan ɗin. Hayaƙin da masu ɗiban zuma ke turawa cikin amya yana dushe wannan kira. Don haka wanda aka harba kusa da amya ya kankare ƙarin da sauri ya bar wurin.

Sai kuma jiki, wanda shi ne ya fi tsare lafiyar mai irin aikina. Doki ko jaki ya kwantar da kunnuwa baya, a kauce wa bakinsa da ƙafarsa. Sa ya juya maka gefe yana nuna faɗinsa, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa, ya gama gargaɗi. Kaɗa jelar kare ba kullum maraba ba ce. In jelar ta miƙe sama ta sandare tana ɗan rawa, jikin ma ya sandare, kada yaro ya matsa. Dabba ba ta cika kai hari ba tare da ta sanar ba, domin faɗa yana da tsada ga kowa. Mafi yawan barazanar da suke yi wa juna hanya ce ta sanin wa ya fi ƙarfi ba tare da an zub da jini ba.

Rawar ƙudan zuma

Wannan ita ce ta fi kowace ban mamaki a wurina. Ƙudar da ta samo furanni masu yawa tana komawa cikin amya, cikin duhu, ta hau jikin saƙar da ke tsaye, ta yi tafiya a miƙe tana kaɗa gindi, ta zagayo ta sake, ta zagayo ta ɗaya gefen ta sake. Sauran suna biye da ita suna taɓa ta. Idan tafiyar ta nufi sama sak, ma'anarta ku fita ku fuskanci rana. In ta nufi ƙasa, ku ba rana baya. In ta karkata dama da wani gwargwado, ku karkata dama da rana daidai wannan gwargwadon. Tsawon lokacin kaɗa gindin kuma shi ne nisan wurin. Karl von Frisch, mutumin Ostiriya, shi ya warware wannan, an kuma yi ta musu da shi kafin a yarda. Ya sami kyautar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Niko Tinbergen. A 2005 wasu masana suka liƙa wa ƙudaje 'yan na'urori suka bi tashinsu da na'urar rada mai gano abin da ke tashi a sama, suka ga lallai waɗanda suka halarci rawar suna bin kwatancen da aka yi musu.

Abin lura a nan shi ne ƙudar tana ba da labarin abin da ba ya gabanta, wanda ba kasafai dabbobi ke yi ba. Amma iyakarta a fili take. Von Frisch ya taɓa ajiye amya a gindin wata doguwar hasumiya, ya sa ruwan sukari a ƙololuwarta, ya kai wasu ƙudaje can suka sha. Suka sauko suka yi rawa, sauran suka fita suka bazu ko'ina suna nema a ƙasa, ba su hau ba. Rawar ba ta da hanyar cewa sama, ƙudar kuma ba za ta iya ƙirƙiro ta ba.

Birai da giwaye

A dajin Amboseli na Kenya, Robert Seyfarth da Dorothy Cheney tare da Marler sun nuna a 1980 cewa wasu ƙananan birai suna da gargaɗi uku. Na damisa yana sa su haye bishiya, na gaggafa yana sa su dubi sama su faɗa cikin duhuwa, na maciji kuma yana sa su miƙe kan ƙafa biyu suna duban ciyawa. 'Ya'yansu kan yi kuskure, su yi kukan gaggafa don sun ga tsuntsun da ba ya cutarwa ko ganye na faɗowa, sai a hankali suke daidaitawa.

Wani muhimmin binciken kuma a ƙasarmu aka yi shi, a gandun dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa. Akwai wani biri mai farin tabo a hanci wanda namijinsa ke da manyan kuka biyu, ɗaya kamar "fiyau", ɗaya kamar "hak". Jerin "hak" yawanci na gaggafa ne, jerin "fiyau" kuma na damisa ko wani motsi a ƙasa. Kate Arnold da Klaus Zuberbühler sun ruwaito a 2006 cewa idan ya jera "fiyau" kaɗan ya biyo da "hak" kaɗan, sai garken ya tashi ya yi gaba. Wato an haɗa kuka biyu an sami ma'ana ta uku, mu tafi.

Giwa kuma tana da gurnanin da kunnenmu ba ya kamawa saboda kaurinsa, wanda ke tafiya kilomita da yawa. Katy Payne ce ta fara zarginsa a 1984, lokacin da ta ji iska na girgiza kusa da giwaye a wani gidan zu a Amurka alhali ba ta jin sauti. Wannan ya bayyana yadda garkuna biyu da ba sa ganin juna ke tafiya a tare.

Don me?

Dalilan ba su da yawa: neman aure, tsare yanki, uwa da ɗa, abinci, da haɗari. Kukan kwaɗi da gyare da damina kiran mata ne. Gyaɗa kan da jan-gwada ke yi a kan katanga sanarwa ce ga sauran maza cewa wurin yana da mai shi. Cara ma haka.

Tambaya ta gaskiya ita ce ta tsada. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: mai yin kuka ya nuna wa maƙiyi inda yake. A ƙasar Fanama akwai jemagen da ke bin kukan kwaɗi maza ya sure su. To me ya sa ba kowa ke yin shiru ya ceci kansa ba? Amsa ta farko jini ne. William Hamilton ya yi bayani a 1964 cewa halin da ke ceton 'ya'ya da 'yan'uwa yana wanzuwa a zuri'a ko da mai shi na shiga haɗari, domin waɗanda aka ceta suna ɗauke da irin halin. An gwada wannan a kan wasu kuregun ƙasa a Kalifoniya a 1977, aka ga matan da ke zaune cikin danginsu sun fi yawan yin gargaɗi, mazan da suka baro gida kuwa ba su cika damuwa ba. Kazarki 'ya'yanta take karewa, zakara kuma matansa.

Amsa ta biyu ita ce wani saƙon maƙiyin ake aika wa. Barewa idan ta ga kyarkeci, maimakon ta zura da gudu nan take, takan yi ta tsalle sama da ƙafafu a sandare. A dajin Serengeti an lura kyarketai sun fi bin waɗanda tsallensu ya yi rauni. Mai lafiya ce kaɗai ke iya ɓata ƙarfi haka, don haka saƙon ba ya ƙaryatuwa. Wannan shi ne ra'ayin Amotz Zahavi na 1975, cewa tsadar saƙo ita ke sa a yarda da shi.

Inda saƙo ke da arha kuwa, maƙaryata na shigowa. A hamadar Kalahari akwai wani baƙin tsuntsu mai jela a rabe da ke zama kan reshe yana yi wa wasu dabbobi masu kama da tunku gadi, yana gargaɗinsu in shaho ya taho. Amma in ya ga ɗaya ta tono ƙwaro mai maiƙo, sai ya yi gargaɗin ƙarya, ta yar ta ruga rami, ya sauko ya ɗauke. Tom Flower ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abincinsa ta haka yake samu, kuma in sun fara gane shi sai ya sauya murya ya kwaikwayi gargaɗin wani tsuntsun. Dabarar tana ci ne kawai saboda yawancin gargaɗinsa gaskiya ne, kuma asarar ƙwaro ɗaya ba ta kai asarar rai ba. A nan ƙa'idar take: saƙo yana samuwa ne don yana amfanar mai aikawa, yana ɗorewa kuma muddin sauraronsa ya fi amfanar mai ji a kan ƙin sauraro. Ba sai an kawo tausayi ko kirki cikin lissafin ba.

Wani lokaci ma cinikin tsakanin tsuntsu da mutum ne. A sassan Afirka akwai tsuntsun da ke jan masu neman zuma zuwa kogon bishiyar da ƙudaje suke, su fasa su ɗebi zuma, shi ya ci kaki. A Mozambik, mutanen Yao suna da wani kira na musamman da suke yi masa. Claire Spottiswoode ta nuna a 2016 cewa wannan kira yana ɗaga yiwuwar samun zuma daga kashi 17 zuwa 54 cikin 100 idan aka kwatanta da wasu sautukan. Ba wanda ya horar da tsuntsun, a daji yake koya.

To, yare ne?

A nan ake bukatar taka-tsantsan, domin mutum yana son ganin kansa a jikin dabba. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na Jamus mai suna Hans wanda ake yi wa tambayar lissafi ya amsa da buga kofato. A 1907 Oskar Pfungst ya gano cewa in mai tambayar bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, sai lissafin ya rushe. Ashe fuskar mutane yake karanta, in an iso lambar da ake jira sai jikinsu ya ɗan saki, shi kuma ya tsaya. Dokin gwani ne, amma ba a lissafi ba. An kuma koya wa manyan birai maganar hannu irin ta kurame, sun riƙe alamomi fiye da 100. Sai dai Herbert Terrace, wanda ya horar da ɗaya mai suna Nim, ya sake duba bidiyoyinsa ya bayyana a 1979 cewa yawanci kwaikwayon malamansa yake yi don samun abin da yake so, ba jimla yake ginawa ba. Aku ma yawanci maimaici yake yi, duk da cewa wani mai suna Alex da Irene Pepperberg ta yi aiki da shi har ya mutu a 2007 ya iya faɗin launi da siffa da adadin abubuwa kaɗan daidai.

Bambancin shi ne kukan dabba ƙidayayye ne, mafi yawansa da shi ake haihuwarta. Ɗan tsakon da inji ya ƙyanƙyashe, bai taɓa jin kaza ba, zai girma ya yi kukan kaji. Saƙon kuma kusan kullum a kan nan ne da yanzu. Kaza za ta iya cewa ga haɗari daga sama, amma ba ta da hanyar cewa jiya shirwa ta zo da hantsi, ko ta tambayi wata inda ta kwana. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa yana ƙera jimlar da ba a taɓa faɗa ba tun da aka halicci duniya.

Sharaɗin da na ambata shi ne kusan kowane ɓangare na yarenmu ana samun ɗan burbushinsa a wata dabba. Tsuntsaye masu waƙa koyon waƙarsu suke yi daga manya, har akan sami bambancin karin waƙa daga yanki zuwa yanki. Birin Gashaka yana haɗa kuka biyu, ƙudan zuma yana kwatancen wuri mai nisa. A dajin Budongo na Yuganda an ajiye wa manyan birai macijin roba a hanya, aka ga sun fi yin gargaɗi idan mai tahowa bai riga ya gan shi ba, abin da ke nuna suna lura da abin da wani ya sani da wanda bai sani ba. Ba a dai sami dabbar da ta haɗa duka ba. Abin da ke cikin ran kaza lokacin da take kukan, ko tsoro ne kawai ko nufin ceto, gwajin kunna murya ba ya kaiwa can. Yana auna abin da mai ji ya yi ne kaɗai.

Yanzu ana amfani da kwamfuta wajen tace dubban muryoyi. A 2024 Michael Pardo da abokan aikinsa sun ruwaito cewa giwayen Kenya suna da alamar kiran juna da wani abu mai kama da suna. Da aka kunna wa giwa kiran da asali ita aka yi wa, ta fi saurin amsawa da matsowa. Amma daga kira 469 da aka tace, kwamfutar ta gane wadda ake kira ne a kusan kashi 28 cikin 100 kawai, kuma ba a ware wane ɓangaren gurnanin ne sunan ba. In masu na'urori da shekaru na naɗe-naɗe a nan suka tsaya, to manhajojin waya da ke cewa suna fassara kukan mage ko haushin kare zuwa jimloli abin wasa ne, kada ki ɓata datarki a kansu.